Yaushe cinikin gida ke faɗawa, kuma wa ke da ikon fasawa?

A galibin garuruwan arewacin Najeriya, cinikin gida yakan fara ne a zaure ko a ofishin dillali. Mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda zai ce ya sallama. Daga nan sai a yi addu'a, a ba da wani abu na kafin alƙalami, a sa ranar cika kuɗi.

Sau da yawa rigima kan taso ne tsakanin wannan rana da ranar da aka sa. Ko dai mai gida ya samu wanda ya ƙara masa kuɗi, ko mai saye ya hango wani gidan da ya fi kwanta masa a rai, ko kuma wani ɗan'uwa ya ɓullo ya ce da rabonsa a ciki.

Matsalar ta ƙara tsananta tun bayan da aka saki darajar naira a shekarar 2023, inda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Gidan da aka sallama a farkon shekara kan iya samun tayi mafi tsoka kafin mai saye ya gama harhaɗa kuɗinsa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya yi ritaya a Kano, ya taya gida naira miliyan 30 aka sallama masa a gaban shaidu, ya biya miliyan 5, da alkawarin cikawa idan an biya shi haƙƙoƙinsa nan da wata uku. Bayan wata guda sai mai gidan ya aiko masa da kuɗinsa, ya ce ya fasa. Shin yana da wannan iko?

Amsar ta danganta da dokar da aka auna cinikin da ita, domin kuwa a arewacin Najeriya cinikin gida na tafiya ne a ƙarƙashin shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da dokar da aka gada daga Ingila, sannan da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta hau kan su duka.

Matsayin sallamawa a shari'a

A mazhabar Malikiyya, ciniki yana ƙulluwa ne da duk abin da ke nuna yardar ɓangarorin biyu, wato tayi da karɓa. Muddin masu cinikin suna da hankali kuma ba tilasta musu aka yi ba, an san gidan, an san farashinsa, kuma mai sayarwa shi ne mai shi, to da zarar ya sallama, ciniki ya faɗa.

Rubutu ba sharaɗi ba ne na ingancin cinikin, haka ma biyan kuɗi nan take. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, amma akasarin malamai sun ɗauki wannan a matsayin abin so da kariya daga jayayya.

Akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke ba masu ciniki damar warwarewa matuƙar ba su rabu ba. Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun fahimci cewa rabuwar jiki ake nufi, saboda haka a wurinsu kowa na iya janyewa kafin a tashi daga majalisin.

Imam Malik ya ruwaito wannan hadisi a Muwaɗɗa, amma bai yi aiki da zahirinsa ba, saboda bai tarar da mutanen Madina a kan haka ba. Mazhabar Hanafiyya ma ba ta yarda da zaɓin majalisi ba.

Ma'anar wannan ita ce, a ƙa'idar da alƙalan arewa ke bi, mai gidan da ya sallama a gaban shaidu ba shi da ikon fasawa shi kaɗai, ko da ba a tashi daga tabarma ba. Shi kuma wanda ya zo daga baya ya ƙara kuɗi alhali ya san an gama magana, ya faɗa cikin hanin da aka yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Kuɗin kafin alƙalami

Mutane da dama na ɗauka cewa kafin alƙalami wata ƙofa ce da aka bari a buɗe: mai saye ya haƙura da kuɗinsa ya tafi, ko mai gida ya mayar da su ya huta. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Idan kuɗin wani ɓangare ne na farashin gidan da aka riga aka sallama, to shaida ce ta cewa ciniki ya tabbata, abin da ya rage kawai bashi ne a kan mai saye. Mayar da su ba ya warware komai sai idan mai saye ya yarda ya karɓa.

Akwai kuma nau'in da malaman fiƙihu ke kira arbun, wato a ba da wani abu bisa sharaɗin in an cika ciniki a lissafa shi cikin farashi, in kuma mai saye ya fasa, mai gida ya riƙe. Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya sun hana wannan, suna ganin cin dukiya ne ba tare da musaya ba. Hambaliyya sun halatta shi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta rinjayar da halaccin arbun, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Sai dai wanda ya kai ƙara gaban alƙali Bamalike zai iya tarar da hukuncin mazhaba, wato a mayar wa mai saye kuɗinsa.

Dokar da aka gada daga Turawa ita ma ta bambanta abu biyu. Akwai kuɗin ajiya da ake bayarwa a matsayin jingina cewa da gaske ake, waɗanda mai gida kan iya riƙewa idan mai saye ya saɓa. Akwai kuma biyan wani kaso na farashi, wanda kotunan Najeriya ke ɗauka alama ce ta an ƙulla yarjejeniya, kuma yawanci akan mayar da shi idan ciniki ya rushe.

Saboda haka kalmar da aka rubuta a rasit tana da nauyi ƙwarai. Rasit ɗin da ya ce kawai an karɓi naira miliyan 5, bai faɗi ko na mene ne ba, shi ke sa a shafe shekaru ana kai da komo a kotu.

Abin da dokar boko ke nema

Najeriya ta gaji wata tsohuwar dokar Ingila ta 1677, wadda ta tanadi cewa ba za a tilasta cika yarjejeniyar sayar da ƙasa ko gida ba sai akwai rubutu mai ɗauke da sa hannun wanda ake ƙara. Wasu jihohi sun sake zuba wannan ƙa'ida a cikin dokokinsu.

Ba lallai ne rubutun ya zama doguwar takardar lauya ba. Abin da ake bukata shi ne ya nuna su wane ne masu cinikin, wane gida ne, kuma nawa ne farashinsa. Rasit ko wasiƙa na iya wadatarwa idan sun ƙunshi waɗannan.

Idan babu rubutu, kotu kan iya duba ko an riga an fara aiwatar da yarjejeniyar, misali mai saye ya biya kuɗi, an ba shi mabuɗi, ya shiga ya fara gyara. A irin wannan hali ba a barin mai gida ya fake da rashin takarda.

Cinikin da aka yi bisa al'ada kuwa, kotunan ƙasar sun daɗe da gindaya masa abubuwa uku: a biya kuɗi, a yi a gaban shaidu, sannan a damƙa wa mai saye wurin a gabansu.

Lauyoyi sukan raba cinikin gida zuwa mataki biyu. Na farko shi ne yarjejeniyar sayarwa, wadda daga ranar da aka sa mata hannu ta hau kan kowa. Na biyu shi ne takardar miƙa mallaka, wadda da ita ce haƙƙin ke barin hannun mai gida ya koma na mai saye.

Wanda ya janye bayan mataki na farko ba tare da hujja ba, ya karya yarjejeniya. Kotu na iya sa shi biyan diyya, kuma tana iya tilasta masa cika cinikin, domin doka na ganin kowane gida daban yake, kuɗi ba sa maye gurbinsa. Sai dai mai neman a tilasta dole ya nuna cewa shi ma a shirye yake ya cika nasa ɓangaren.

Amincewar gwamna

A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Dokar na cikin waɗanda sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ba kariya, don haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

A arewa wannan tsari ba baƙo ba ne, domin dokokin mulkin mallaka na 1910 da 1916, da kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, duk sun ɗora ƙasa a hannun hukuma.

Abin da mai gida ke riƙe da shi a doka shi ne haƙƙin zama, galibi na shekara 99, wanda takardar shaidar mallaka, da aka fi sani da C of O, ke tabbatarwa. Sashe na 22 ya hana miƙa wannan haƙƙi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A yankunan karkara, inda haƙƙin na gargajiya ne, ƙaramar hukuma ce ke amincewa. A Abuja kuwa ministan babban birnin tarayya ne.

A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar wani gida a Legas saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk da cewa wanda ya ci bashin ne da kansa ya kawo wannan hujja.

Hukuncin ya tayar da hankalin bankuna da masu sayen gidaje. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa dokar ba ta hana mutane ƙulla yarjejeniya kafin a samu amincewar ba, illa dai miƙa haƙƙin ba ya kammala sai ta samu.

Wannan na nufin mai gida ba zai ce babu komai tsakaninsa da mai saye ba don kawai gwamna bai sa hannu ba tukuna, musamman da yake dokar a kansa ta ɗora nauyin neman amincewar. Amma shi ma mai sayen da ya biya kuɗi ya tare, bai nemi amincewa ba, bai yi rajista ba, ƙafarsa ɗaya na waje. Idan aka sake sayar wa wani da bai san da cinikin farko ba, ya riga shi kammala takardu, shari'ar na iya yi masa wuya.

Takardar mai unguwa ko dagaci tana da amfani a matsayin shaida cewa an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin amincewar hukuma.

Hanyoyin fita da aka yarda da su

Hanya mafi tsabta ita ce wadda aka tanada tun kafin a sallama. Shari'a ta yarda a yi ciniki bisa zaɓi, wato ɗaya daga cikin ɓangarorin ko dukkansu su sharɗanta wani lokaci na shawara ko bincike. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun sa wa gida kimanin wata guda, saɓanin dabba da ake ba 'yan kwanaki.

A cikin wannan lokaci mai zaɓi na iya janyewa ba tare da ba da dalili ba. Sai dai mazhabar ta hana a sharɗanta biyan kuɗi a lokacin zaɓin, domin ba a san ko farashi ne ko rance ba.

A takardar lauya ma ana iya rubuta cewa cinikin ya dogara ne a kan wani abu, kamar sakamakon bincike a ofishin filaye, ko samun lamuni daga banki. Hukumomi irin su KANGIS a Kano, da KADGIS a Kaduna, da AGIS a Abuja, nan ne ake duba ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar, da kuma ko an jinginar da gidan.

Hanya ta biyu ita ce aibi. Idan mai saye ya gano wata illa da ta riga ciniki, wadda ba a nuna masa ba kuma ba ta fito fili ba, yana da magana. Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa, matsakaici, a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, babba kuwa, kamar tsagewar bangon da ake tsoron zai rushe gidan, yana ba shi damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Ta uku ita ce yaudara ko sayar da abin da ba naka ba. Duk dokokin sun haɗu a kan cewa wanda aka ruɗa da takardun bogi, ko aka ɓoye masa cewa gidan na hannun banki, yana iya warwarewa, kuma lamarin na iya zama laifin zamba. Yawan irin wannan ne ya sa ake ganin rubutu a bangayen gidaje a biranen Najeriya ana gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne.

Ta huɗu ita ce gazawar mai saye. Idan an rubuta cewa ranar biya sharaɗi ce, ya kuma wuce ta, mai gida na iya janyewa. Idan ba a rubuta ba, abin da lauyoyi ke ba da shawara shi ne ya aika masa da sanarwa a rubuce, ya ba shi wa'adi mai ma'ana, kafin ya sayar wa wani.

Akwai masu kafa hujja da cewa an yi musu rangwamen da ya wuce kima. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalan arewa ke yawan komawa gare shi, ya ba da damar irin wannan ƙara bisa sharuɗɗa: mai ƙarar ya kasance bai san darajar abin ba, tazarar ta kai sulusi, kuma shekara ba ta wuce ba. Amma da farashin ranar ciniki ake aunawa. Tashin da gida ya yi bayan an sallama rabon mai saye ne.

Idan duk babu ɗaya daga cikin waɗannan, saura roƙo. Shari'a na kiran sa iƙala, wato ɓangarorin biyu su yarda a tayar da ciniki, kowa ya karɓi nasa. Hadisi ya kwaɗaitar da a yi wa wanda ya yi nadama wannan alfarma, amma ba a tilasta wa kowa.

Gidan gado da haƙƙin shufu'a

Kaso mai yawa na tsofaffin gidajen birane irin su Kano da Zariya da Katsina na gado ne da ba a raba ba. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da gidan duka, cinikin a kan rabon sauran yana rataye ne har sai sun amince. Rabon maraya kuwa sai ta hannun waliyyinsa ko alƙali, kuma bisa maslaharsa.

Idan kuma rabonsa kaɗai ya sayar wa bare, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shufu'a, wato su biya mai saye abin da ya biya su karɓi rabon, ko yana so ko ba ya so. A Malikiyya, wanda yake gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa wannan haƙƙi.

Maƙwabci ba ya cikin masu wannan dama. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1998 a shari'ar Alkamawa da Bello, inda wani ya nemi a ba shi gidan da ke maƙwabtaka da shi bayan an sayar wa wani, kotun ta ce a mazhabar Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce.

Ina ake kai ƙara?

Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar filayen da ke da haƙƙin zama daga gwamna, sashe na 41 kuma ya ba ƙananan kotuna, irin su kotunan yanki, hurumi a kan na gargajiya.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa, sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita ta ga al'amuran aure, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi da makamantansu. An sha rushe hukunci bayan shekaru ana shari'a, saboda kawai an kai rigimar cinikin gida kotun da ba ta da hurumi.

A Ingila, inda dokar boko ta samo asali, babu abin da ke hawa kan kowa sai ranar da lauyoyin ɓangarorin suka yi musayar takardun yarjejeniya, inda mai saye kan ajiye kashi 10 cikin ɗari. Kafin wannan rana mai gida na iya karɓar tayin wani, ko da mai saye ya kashe kuɗi a bincike. A Faransa kuwa, tun 2015 doka ta ba mai sayen gidan zama kwana 10 ya sake tunani bayan sa hannu.

Dokokin Najeriya ba su tanadi irin wannan wa'adi na sake tunani ba, haka ma mazhabar Malikiyya, sai wanda masu cinikin suka sharɗanta da bakinsu.

Idan aka koma ga ma'aikacin nan na Kano, a shari'ance gidan ya zama nasa tun ranar da aka sallama, kuma yana da ikon ƙin karɓar kuɗin da aka mayar masa. A Babbar Kotu kuwa, ƙarfinsa zai dogara ne a kan abin da aka rubuta a rasit ɗin miliyan 5 ɗin, da kuma ko zai iya nuna cewa cikon miliyan 25 na nan a ranar da aka yi alkawari.